Sunan Seyni a Wutsiyar Waƙa

Wanda ya sake shigo mini situdiyo ya ce, "Metir, danna kawai, mu mun shirya," wallahi zan nuna masa ƙofar da ya shigo ta ita. Na gaji. Kuna zuwa ku uku ku huɗu, kowa da baƙin tabarau a cikin ɗakin da ko taga babu, an sauko da kiɗan wani a portabul, wayar hannun nan taku, an rubuta baiti a cikin taksi tsakanin Harobanda da Kalley, sannan a zo a tsaya mini a ka. Tun ba a gwada murya ba, abin da ake fara faɗa a kansa shi ne sunan wa zai zo gaba. Makon jiya biyu daga cikinku sun kusa dambe a kan bencina, kowa yana cewa shi ne mai waƙa ɗayan baƙo ne, alhali abin da suka kawo su biyun bai isa a raira wa akuya ba. To ku zauna. Tunda suna kuke so, zan ba ku labarin yadda ake samunsa a sana'ar nan, da yadda ni da hannuna na hana wani nasa.

Sunana Lawali, Bagobiri ne ni, mahaifina tela ne da ya kwaso mu daga Maraɗi ya kawo mu Yamai. Aikin farko da aka ba ni a harkar waƙa shi ne goge kan manyeto, wato injin ɗaukar murya, da auduga da ruwan alkol. Ubangidana Metir Sule, Allah ya jiƙansa, ɗaki ɗaya gare shi a nan Kalley, bayan masu sayar da yadi, an toshe bangon da tsofaffin katifu da kwalin ƙwai. Na je masa ina taƙama da gita, don a fadarmu ta samarin unguwa babu wanda ya kai ni. Ya saurare ni ko minti biyu ban yi ba, ya karɓe gitar ya rataye, ya miƙo mini waya ya ce in naɗe. Na naɗe, ya duba, ya wurga ta tsakar gida. Na ɗauko na sake, ya sake wurgawa. Sai da na yi wata shida ina naɗin waya, ina goge kai, ina juya kaset da biron bik, kafin ya bar ni na zauna a kujerar da ke gaban injin.

Injin nan layi huɗu gare shi, ba ƙari. Ganga a ɗaya, gita da bas a ɗaya, murya a ɗaya, 'yan amshi a na ƙarshe. In mai bas ya yi kuskure a minti na biyar, ni ma mai gita sai in koma farko tare da shi. Idan an gama, sai a haɗa layukan huɗu a zuba su a kan babban zare, wanda muke ce wa uwa, don daga gare ta ake kwafo duk sauran kaset. Gyaran uwa kuwa da reza ake yi. Ka juya zaren da hannu a hankali har ka ji inda tarin mawaƙi ya fara, ka yi alama da farin fensir, ka yanke a karkace, ka haɗa da sikoci, wato salatif. In hannunka ya yi rawa ka ci rabin kalma, ta tafi kenan, sai dai ka je ka fuskanci mai ita.

Murya kuma tsakanin azahar da la'asar muke ɗauka, lokacin da rana ta kori masu kurar ruwa da masu walda, kasuwa ta ɗan lafa. A kashe fanka, don mikro yana jin ta. A rufe ƙofa. Tsohuwar safar mata muke ɗaurawa a kan waya a gaban mikron saboda iskar baki. Na taɓa ɗaukar wani makaɗin kalangu wanda bai iya kiɗa a tsaye wuri ɗaya ba, da ya ji daɗi sai ya kama yawo yana neman wanda zai yi wa kirari. Muka zana masa da'ira da alli, ya fita. Muka sa masa benci gaba da baya, ya tsallake. A ƙarshe ni na riƙe mikron ina bin sa a duƙe cikin zufa har waƙar ta ƙare, Metir Sule yana zagina don ana jin tafiyata.

Yanzu ga abin da ba ku sani ba, kuma shi ne kan zancen. A lokacinmu takardar jikin kaset ba ta da wani amfani. Kwafi goma ake sayarwa tsirara kafin a sayar da ɗaya mai hoto, kuma yawancin masu saye ba su karanta boko. Saboda haka shaidar aikinka a cikin waƙar take, a wurin da muke ce wa wutsiya. Idan baiti ya ƙare, kiɗa yana tafiya shi kaɗai, sai mawaƙi ya shiga kiran sunaye. Akwai tsari. A fara da mai kuɗin da ya ɗauki nauyin kaset, sai mutanen rediyo, sai iyaye, sai makaɗa ɗaya bayan ɗaya, sai a rufe da wanda ya ba da waƙa in ba mawaƙin ne ya yi ta duka ba. Wanda aka kira ya yi aiki. Wanda ba a kira ba, ko ya rantse da Alƙur'ani, bai yi ba. Haka kowa ya ɗauka daga nan har Damagaram.

Wata mawaƙiya, Baraka, ta zo mini bayan Metir Sule ya bar mini ɗakin ya koma gida da ciwon ido. 'Yar wani ma'aikacin gwamnati ce daga Damagaram, suna zaune a Harobanda, kuma ba zan rage mata komai ba: ita take rubuta baitinta da kanta. Kaye gare ta, littafin rubutu mai shuɗin bango, duk shafi ya sha gogewa. Takan yi mako tana neman kalma ɗaya. Waƙa takwas ta kawo, muka yi wata huɗu a kansu, na sa mata gita, na nemo mata mai bas da mai kalangu. Matsalarta ɗaya ce, amshi ba ya zauna mata. Baiti zai yi kyau har ka ji tsigar jikinka ta tashi, da an zo wurin da jama'a za su karɓa sai waƙar ta zube. Akwai wata ta jiran masoyi da muka yi wa amshi iri biyar, duk muka zubar.

A cikin wannan hali na je Saga, can bakin kogi a gefen gari, ɗauko shinkafar sunan ɗan ƙanwata. Mai sayar mana da ita tun zamanin mahaifiyata shi ne Seyni, Bazabarme manomi, ya girme ni da kamar shekara goma. Uwarsa Ba'ara ce, don haka Hausa a bakinsa take. Kun san Bagobiri da Bazabarme taubasai ne, ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Na tarar da shi a fadama lokacin dashe, ruwa har ƙauri, yana duƙe yana cusa shuka a laka yana raira wani abu:

Ruwa ya kai gwiwa, kai ko ba ka zo ba.

Layi ɗaya ne, yana juya shi, yana hawa yana sauka. Na tsaya a kan gaɓa da buhu a hannu na manta abin da ya kawo ni, don ga amshin da waƙar jiran masoyin nan take nema.

Na ce, "Yaya Seyni, waƙar wa ta wagga?"

Ya ɗago ya ce, "Tawa ta. Kai Bagobiri mi ka sani ga waƙa, ban da ta roƙon tuwo?"

Ashe duk lokacin dashe sai ya ƙirƙiro sabuwa don hannu ya tafi daidai, in an gama ya watsar da ita. Na lallashe shi ya zo situdiyo Lahadi uku a jere. Ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar zai shiga masallaci, ya ƙi sa abin ji a kunne, ya ce yana matse masa kai. Amma da aka zo koya wa Baraka amshin, sai ga wani mutum daban. Ta raira, ya ce ba haka ba. Ta sake, ya girgiza kai. 'Yar boko mai digiri ta tsaya tana zufa gaban mai dashen shinkafa har muryarta ta dushe, kuma ba ta yi fushi ba, don ta ji abin da na ji. Ranar da ya ce, "Yawwa, ɗiyata, yanzu kin kama," sai da ta zauna a ƙasa don gajiya. Muka tambaye shi abin da yake so. Ya ce shi shinkafarsa ta ishe shi, a dai kira shi a wutsiya, mutanen Saga su ji. Baraka kuwa ta kira shi, ina zaune ina ji: "Seyni na Saga, mai amshi, na gode."

Wanda ya ɗauki nauyin kaset ɗin wani Alhaji Mati ne, mai shagon kaset a Babbar Kasuwa. Shi ya tsara jerin waƙoƙi, ya ce waƙar manoma a kai ta ƙarshen gefen farko, inda ba kowa ke kaiwa ba. Kaset ɗinsa minti talatin ne kowane gefe. Ranar da na zo kwafe uwa zuwa kaset ɗin da za a kai wa masu bugawa, zare ya ƙare waƙar ba ta ƙare ba. Abin da ya yi saura bai wuce daƙiƙa ashirin ba. Alhaji yana tsaye a kaina da carbi yana cewa motar Damagaram gobe da safe za ta tashi, kuma da kaya za ta tafi.

Hanya biyu ce a gabana, kuma duka na gan su sarai. A tsakiyar waƙar akwai wurin da gitata take kuka ita kaɗai, tsawonsa kusan daidai da abin da ya yi yawa. In sa reza in cire shi, komai ya shiga. Ko kuma in ja sauti ƙasa a wutsiya tun ba ta ƙare ba. Na gaya wa kaina cewa sa wa uwa reza a cikin gaggawa ganganci ne. Ƙarya nake yi, na yi yankan da ya fi wannan wuya ina hira. Gaskiyar ita ce ban taɓa kaɗa gita kamar ranar ba, kuma ina so a ji. Sai na bar wutsiya ta tafi, aka kira Alhaji, aka kira mutanen rediyo, aka kira mahaifiyar Baraka, aka kira mai bas da mai kalangu, aka ce "Metir Lawali a kan gita," ni kuma na ja sautin ƙasa. Na ce a raina ai uwa tana nan cikakkiya, a bugu na biyu sai a gyara.

Abin da ban sani ba, Seyni ya riga ya shelanta wa duk Saga. Matarsa ce ta ba ni labari daga baya. Ranar da kaset ya fito ya sayi sababbin batura, bayan la'asar ya tara mutane a gindin bishiyar da suke zama kusa da magudanar ruwa, har da surukansa. Aka saurari waƙa uku ana jira. Tasu ta zo, ya ce kowa ya yi shiru. Aka bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga yatsa yana cewa saura kaɗan. Aka ji nawa, sauti ya dushe, kaset ya yi ƙas ya tsaya. Ya juya ɗaya gefen ko can aka kai shi, babu. Daga ranar aka sa masa suna Mawaƙi, kuma ba don yabo ba.

Washegari ya zo Kalley. Wannan karon bai cire takalmi ba.

"Bagobiri, ina sunana?"

"Yaya Seyni, zaren na ya ƙare. Wallahi ta kira ka, yana nan cikin uwa."

"Ya ƙare? To naka dai na jiya shi. Naka ya samu wuri."

Na yi rantsuwa, na yi alkawarin bugu na biyu. Ya dube ni ya fita, ko tsokana ɗaya bai yi mini ba, kuma wannan ya fi mini zagi zafi.

Waƙar da aka kai ƙarshen gefe ita ta ci gari. Taksi, gidan biki, shagon tela, ko'ina ruwa ya kai gwiwa. Bugu na biyu Alhaji Mati bai ma sanar da ni ba, daga na farko ya kwafa. A jikin takarda an rubuta baiti da kiɗa duka na Baraka, don haka mai buga takardar ya saba rubutawa. Sannan aka gayyace ta hira a rediyo, ina saurare, mai gabatarwa ya ce, "Wannan amshi kam na gargajiya ne, irin na kakanninmu a gona." Ta yi dariya ta ce, "Haka ne, daga gona ya fito." Na kusa fasa rediyon. Ku kula da kalmar nan gargajiya, na tsane ta a bakin 'yan birni. Duk abin da talaka ya ƙirƙira da kansa, in ya yi daɗi, sai a ce na gargajiya ne, kamar daga ƙasa ya tsiro. Mutumin yana raye, kilomita kaɗan daga inda suke zaune, an mai da shi kakanni.

Na ce to bari in je da bakina. Na hau mota na sauka a Saga ranar Juma'a bayan an sauko, na tarar da su a gindin bishiyar, na tsaya a tsakiya na ce ni ne Lawalin da aka kira a kaset, kuma na zo in shaida Seyni ne ya yi amshin nan, ni na yanke sunansa. Ban rufe baki ba wuri ya kece da dariya. Na manta ko ni wane ne. Bagobiri ya taso takanas daga birni ya tsaya gaban Zabarmawa yana yabon Bazabarme da fuska a murtuke, ai a wurinsu babu wasan taubasai da ya kai wannan iya shege. Ina ƙara rantsuwa suna ƙara riƙe ciki. Wani dattijo ya share hawaye ya ce, "Kai yaro ka iya! To in gaskiya na, don mi anka kira har mai kalangu ba a kira shi ba?" Seyni yana gefe yana gyaran igiya, bai ɗago ba. Na je gyara na ƙara masa kaya.

Abin da ya rage shi ne uwa, in kwafo cikakkiyar waƙar in kai musu su ji da kunnensu. Uwa kuwa ta mawaƙi ce, tana gidan su Baraka a Harobanda, cikin akwatin ƙarfe. Aikin yini ɗaya ne. Amma waƙar nan ta jawo mini kasuwa, kowa yana son mai gitar nan, mata masu biki, 'yan siyasa, samari masu sabon salo. Baraka tana yawon wasa gari gari. Yau in ce gobe, gobe in ce in ta dawo. Damina biyu ta wuce a haka.

A ta uku kogi ya yi ambaliya. Ruwa ya haura ya shiga Harobanda, gidajen ƙasa suka narke, fadamar Saga ta koma tafki. Akwatin Baraka ya yi fiye da mako a cikin ruwa. Da aka kawo mini uwar, na wanke ta da ruwan sanyi mai tsabta, na warware zaren a hankali na shanya a inuwa a kan igiyar wanki, layi layi. Da ya bushe na taɓa, sai baƙin da ke riƙe da sauti ya biyo yatsana kamar garin shuni, ya bar leda fara. Waƙa takwas, wata huɗu, da sunan Seyni, duk na goge su a jikin wandona. A shekarar ce kuma kuran, wato wutar lantarki, ya dawo da ƙarfi wata rana da hantsi ya ƙone manyeton, hayaƙi ya cika ɗaki. Kafin in farfaɗo mutane sun fara zuba waƙa a portabul, Alhaji Mati ya kwashe kaset ya koma sayar da caja. Na koma gyaran rediyo da kaɗa gita a gidan biki ana wucewa da faranti ta gabana. Na je yi wa Seyni jajen gonarsa, ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni ruwa, bai ta da zancen ba. Matarsa ce ta raka ni bakin hanya ta ce tun ranar kaset ɗin bai ƙara waƙa a wurin dashe ba.

Na koyi ordinatar, kwamfutar nan taku, da furfura a gemuna, a hannun waɗanda na haifa. Layi ɗari in kana so, kuskure ka mai da shi baya, murya ta karkace inji ya miƙe ta. Ban ce ba kyau. Amma kunne ba ya cikin injin, shi ya sa kuke dawowa wurin tsoho. Bara waccan biyu daga cikin yayyenku suka zo da shawarar a sabunta waƙar ruwa, su sa nasu baitin na sauri, a gayyato Baraka ta yi amshi. Ta zo, ta zama Hajiya, jikoki gare ta, amma muryar tana nan. Na rufe ƙofa na ce ba na ɗaukar ko tari sai an biya Seyni sunansa.

Ta ce, "Metir, ka san na kira shi."

Na ce, "Kin kira, na yanke. Amma a rediyo ke kika yi dariya."

Ta ce, "Na yi. Yarinya ce ni, na ji kunyar gyara wa babba magana a gaban duniya. Har yau abin yana ci na. Faɗi yadda kake so."

Muka sa shi a kai, tun kafin ganga ta shigo: "Wannan amshi na Seyni ne na Saga." Na haɗa, na ba samarin su saurara. Kwana biyu sai ga guntun waƙar yana yawo a portabul don ɗanɗano, daƙiƙa talatin, an fara daga amshi. Na kira su na wanke su tas. Suka ce, "Metir, ai ba mai jiran gabatarwa yanzu, in ba ka kama mutum nan take ba ya wuce." Na so in mare su, amma gaskiya suka faɗa. Wutsiya ana yankewa, kai ana tsallakewa, mai rediyo ma surutu yake yi a kansa. Wuri ɗaya ne ba mai iya taɓawa, cikin amshin kansa.

Na zauna na saurari layin, sai na lura akwai ɗan fili bayan "gwiwa", bugu biyu da ba a cewa komai. Kamar an ajiye mini shi. Na sake kiran Hajiya Baraka ta raira:

Ruwa ya kai gwiwa, Seyni, kai ko ba ka zo ba.

Ya zauna daram, har ya yi kamar da shi ake magana. Samarin suka yi tafi. Na ce ba za a saki ba sai mai ita ya fara ji, kuma a gaban mutanensa. Na ɗauki bafil, wato lasifika mai batir, na tafi Saga da safe. Lokacin dashe ne, 'ya'yansa suna cikin ruwa, shi yana zaune a kan gaɓa da sanda, ya tsufa, ido ya yi rauni. Na aika aka kira na gindin bishiya, waɗanda suka rage. Na kunna. Da sunan ya fito, ba wanda ya yi dariya. Ya sake fitowa, ya sake, sau shida a cikin waƙa ɗaya. Na ga wani yana gyaɗa kai, wata mata ta ce ashe. Ni kuwa shekara da shekaru ban ji sanyi irin na lokacin ba.

Seyni ya ce, "Maido amshin." Na maido. Ya ce, "Kashe."

Ya dogara sanda ya miƙe, ya taka zuwa bakin ruwa, ya karɓi damin shuka a hannun ɗansa. Ya duƙa da ƙyar. Ya raira rabin layin da tsohuwar murya, ruwa ya kai gwiwa, ya yi shiru, hannunsa ya nutse a laka, na ji ya ja numfashi, ya zaro hannun, sannan ya ƙarasa. Ya yi haka sau uku, shuka uku a jere, ya ɗago.

"Ka gani, Bagobiri? Wurin ga da ka cusa ni, ba banza na bar shi ba. Nan hannu ka shiga laka, nan mutum ka shaƙar iska. Wanda ya duƙa ba ya iya magana nan. Ka toshe mishi hanci."

Na ce, "Yaya Seyni, ba don dashe anka yi wagga ba, ta rawa ta. Shekara nawa suna ce maka maƙaryaci? Ga shi yau sun ji."

"Sun saba, ni ma na saba. Waccan ƙarya anka yi mini. Amma in ka saki wagga, sai a ce Seyni ya yi waƙar da ba a iya aiki da ita, kuma ga sunana ciki, ba ni da bakin musu. Cire."

Na roƙe shi. Na ce ko sau ɗaya a bari, a amshin ƙarshe. Ya ce ko rabin sau. Ya miƙa wa ɗansa sauran shukar ya koma ya zauna. Ina naɗe wayar bafil sai na ji wani a bayana yana ce wa na kusa da shi, ba ma a hankali ba, "Ka gani ko? Shi da kanshi ya ce a cire. Ya san ba tashi ba ta." Seyni ya ji, don ya fi ni kusa da mai maganar. Bai waiwaya ba, yana kallon yadda 'ya'yansa ke jera layi.

Na dawo Kalley na cire, sau shida, ɗaya bayan ɗaya. Ita ce wadda kuke rawa da ita a biki yanzu, da numfashinta a wurinsa. A Saga kuwa har yau in ya wuce da sandarsa, Mawaƙi suke ce masa suna dariya.